Gwaggo Rabi da Keken Abdullatif

A danginmu idan yaro ya isa yaye ba a tambayar inda za a kai shi. Ɗakin Gwaggo Rabi ne, a gidanmu na Kurfi, na biyu idan ka wuce rijiya. Gwaggo yayar Babanmu ce, Malam Tukur, kuma ita kaɗai ce take kiransa Tukur gatsal, ko da a gaban mutanen da yake ja wa salla ne. A Karofi ta yi zaman aure. Da mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu kuma duk suna ɗakunansu, sai ta kwaso kayanta ta dawo gidan ƙanenta ta ci gaba da sana'ar daddawa. Na taso na same ta a nan.

Yara ashirin da shida ta yaye kafin wanda zan ba da labarinsa. Tana iya jero sunayensu ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ni ce ta goma sha ɗaya, kuma har yau in na yi mata gardama sai ta nuna mini kafaɗarta, wai nan na cije ta. Amma ba yawan take taƙama da shi ba. Abu biyu ne: ba a taɓa mayar da yaro daga hannunta kafin kwana bakwai ba, kuma ba ta taɓa tambayar wata uwa yadda ake lallashin ɗanta ba.

"Uwa mi ta sani?" in ji ta. "Haihuwa kawai ta yi."

Tsarin kwanciyarta ba ya canzawa. Ba ta ɗora ɗan yaye kan gado. 'Yar katifa take shimfiɗawa a ƙasa gab da gadonta, da leda ƙarƙashin zanen gado saboda fitsari, gidan sauro guda ya rufe su duka. Fulas ɗin kunu yana wajen kanta. Ƙofa kuwa turmi take karawa, tun ranar da ɗan Yaya Rukayya ya fice tana alwala aka same shi a ɗakin awaki. Kuma ba ta karɓar zanen uwa cikin kayan yaro. Cewa take yi warin nono ne ke hana su haƙura.

Bara bayan ƙaramar salla aka ce Abdullatif ya isa. Shi ne ɗan fari na wana, Yaya Sagiru, wanda ke aiki a Dutsin-Ma, da matarsa Muhsina. Watansa ashirin da ɗaya, ga ƙiba ga taurin kai. Ni aka aika in ɗauko shi. Na tarar da maƙwabtan Muhsina biyu a ɗakin, ita kuma ta haɗa masa kaya ta kawar da kai kamar ba nata ba. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Da na goya shi sai ta biyo ni bakin ƙofa.

"Nana, in ya ce…" Sai ta waiga ta ga matan suna kallonta.

"In ya ce mi?"

"Babu komai. Ki gaida Gwaggo."

Mun iso Kurfi da azahar. Gwaggo ta tare mu a tsakar gida tana tafi. "Ga angona ya iso. Maigida, ina kuɗin cefane? Haka za ka zo mini hannu biyu?" Abdullatif ya kalle ta sama da ƙasa, ya miƙa hannu ya karɓi ƙosan da ta ba shi. Malam ya wanke masa rubutu ya sha. Ya sha kunu, ya bi kaji, ya zuba ƙasa a tulun Gwaggo. Har la'asar babu wanda ya ji kukansa. Gwaggo tana ta kallon Malam tana ɗaga gira.

Bayan magariba ya fara mutsuka ido. Gwaggo ta kwantar da shi kan katifar, ta saki gidan sauro. Sai ya tashi zaune ya ce, "Keke."

"Mi ya ce?"

Na ce, "Keke ya ce."

"To angon nawa ɗan yawo ne ke nan. Kwanta, gobe ka hau."

Bai kwanta ba. Ya buɗe baki, kuma ban taɓa jin murya irin wannan ta fito daga jiki ƙarami haka ba. Ba nono yake nema ba, ko rigar Gwaggo bai ja ba. Keke kawai yake kira yana nuna ƙofa. Gwaggo ta goya shi, ta jijjiga, ta yi masa waƙa, ta ba shi kunu ya ture. Daga ƙarshe ta leƙa zaure inda Malam yake lazimi.

"Tukur, fito da kekenka."

Malam yana da tsohon keke baƙi wanda yake zuwa gona da shi. Ya kalli yayarsa, ya ajiye carbi. Haka aka ɗora Abdullatif kan sirdi ina riƙe da shi, limamin unguwa guda yana tura keke yana zagaya rijiya, babbar riga a naɗe a kafaɗa. Zagaye huɗu muka yi. Abdullatif ya yi shiru ya taɓa ƙararrawa sau biyu, sannan ya kalli Malam ya ce, "A'a. Keke."

"Ranka ya daɗe, wannan jaki ne?" in ji Malam.

Gwaggo ta ce, "Ai ɗan birni ne. Keke Napep yake nufi, shi ya saba gani a Dutsin-Ma."

Aka aika gidan Salisu, maƙwabcinmu mai keke Napep, ya riga ya ajiye ya zauna cin tuwo. Ya fito hannu da miya. Gwaggo ta yafa mayafi ta shiga baya da yaro a cinya, ni a gefe. Muka je bakin kasuwa muka dawo, muka sake zuwa. Duk wanda muka wuce sai ya gaida Gwaggo ya tambaya ko asibiti za a. Abdullatif ya ji daɗin iska, ba na musu, amma ana sauke shi ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Malam yana tsaye bakin zaure, an kusa kiran isha'i.

"Yaya, yaron nan muryarsa ta fara dushewa. In na dawo masallaci bai yi barci ba, zan kira Sagiru. Da safe a mayar da shi wajen uwarsa, in ya ƙara wata biyu a sake kawowa."

"A mayar da shi? Daga hannuna?"

"Ko kuwa ki kira Muhsina ki tambaye ta."

"In tambayi yarinyar da aka haifa bayan na yaye yara biyar?"

Malam ya sa takalmi. Na ga gefen bakinsa yana motsi. Shekara talatin yana jin taƙamar yayenta, ina jin ya daɗe yana jiran wannan rana.

Yana fita Gwaggo ta ɗora mini yaron a baya, ta shiga madafa ta tsaya tana kallon murhu. Can ta ce, "Nana, kira mini Muhsina."

"Za ki tambaye ta ke nan?"

"Wa ya ce miki? Maganar atamfata zan yi."

Ban san Gwaggo tana da wata atamfa a wajen Muhsina ba. Na dai kira, na buɗe murya saboda kunnen Gwaggo ba ya jin waya sosai. Muhsina ta ɗauka tun kafin wayar ta gama ƙara ɗaya.

"Gwaggo, ina wuni."

"Lafiya lau. Ya maigidan naki? Ya Dutsin-Ma, kun samu ruwa?"

"Mun samu shekaranjiya."

Abdullatif yana bayana yana tsala kuka, babu yadda za a yi Muhsina ba ta ji ba. Ita ba za ta tambayi ɗan fari a gaban gwaggon mijinta ba. Gwaggo kuma ba za ta ambace shi ba. Suka gaisa a kan ruwa, suka gaisa a kan tsadar tumatir.

"Dama maganar atamfar nan ce," in ji Gwaggo. "Na ce ko za ki yi mata hannu dogo."

Muhsina ta ce, "To Gwaggo. Don Allah kar ki kashe, bari in ƙarasa bakin zanen nan, saura kaɗan."

Sai muka ji ta ja kujera. Sai kat-kat-kat-kat, ƙarar keken ɗinki, irin na takawa da ƙafa. Kukan da ke bayana ya tsaya kamar an rufe famfo. Abdullatif ya leƙo ta kafaɗata yana shessheƙa, ya nuna wayar.

"Keke," ya ce, ya kwantar da kai.

Sai a lokacin na tuna. Da safen nan na ga keken Muhsina a jikin taga, da 'yar tabarma da matashi a gefen ƙafarsa. Tun yana jariri a nan take kwantar da shi tana ɗinki. Na gani da idona, amma ban kawo komai a raina ba.

Gwaggo ta bari keken ya yi ta tafiya har kusan minti guda. Sannan ta ce, "To, hannu dogo dai. Sai da safe." Ta miƙo mini wayar ba ta kalle ni ba. "Je ki ce Zinariya ta ara mini kekenta."

Zinariya matar Salisu ce, ita ke ɗinki a layinmu. Mu uku muka ciccibo keken, ni da ita da ƙanwarta, muka shigar da shi ɗakin Gwaggo bayan an janye turmi. Zinariya ta cire allura, ta nuna wa Gwaggo yadda ake fara juya shi da hannu kafin ƙafa ta karɓa. Gwaggo ba ta taɓa zama kan keke ba a rayuwarta. Sau uku yana komawa da baya. Zinariya ta ce ta bari ita ta taka, Gwaggo ta ce a ɗakinta babu mai sa yaro barci sai ita. Aka jawo katifar kusa da ƙafar keken, aka ɗaura igiya ɗaya ta gidan sauro a jikin ƙusar taga.

Da Malam ya dawo masallaci babu kuka a gidan. Ya tsaya bakin ɗakin yana kallon yayarsa tana taka keke babu zare babu ƙyalle, gumi yana bin wuyanta, Abdullatif ya baje baki a buɗe.

"Yaya, mi ake ɗinkawa?"

"Bakinka," in ji Gwaggo a hankali. "Tafi, kar ka tada mini miji."

Abin da ba mu sani ba shi ne barcinsa ba ya nauyi da wuri. In ta tsaya kafin rabin awa sai ya buɗe ido ɗaya. Kuma akwai barcin rana. Kwana bakwai Gwaggo tana taka keke sau biyu a yini, Zinariya tana zuwa tsakani ta mayar da allura ta yi aikinta a ɗakin. Kafin kwana huɗu idon sawun Gwaggo ya kumbura, ni nake shafa mata man zafi. Matan layi suna shigowa kallo, tana ce musu likita ne ya ce ta riƙa motsa ƙafa.

Ranar na bakwai Yaya Sagiru ya zo da yamma. Abdullatif ya yi ɓul-ɓul, yana shan kunu da kofi da kansa. Gwaggo ta fito tana ɗingishi, ta tsaya gaban Malam.

"Ashirin da bakwai. Kwana bakwai cif. Kuma ban tambayi kowa komai ba."

"Na ji an ce an yi waya," in ji Malam.

"Maganar atamfa na yi. Ga Nana nan, tambaye ta."

Malam ya juyo gare ni. Na ce gaskiya ne, ban ji an ambaci yaro ba.

"Wace atamfar? Ni dai ban ga an kai wata atamfa Dutsin-Ma ba."

Gwaggo ta koma ɗaki, muka ji tana jan akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado. Ta fito da turmin atamfa shuɗiya, wadda 'yarta ta kawo mata da salla take ta adanawa, ta ɗora wa Yaya Sagiru kan kayan yaron.

"Ka kai wa Muhsina. Ka ce ga atamfar da muka yi magana. Hannu dogo."