Yaya Rabi da Goshin Inna

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayata Rabi, amma har yau matan unguwar Mansur a Makka "mai lanƙwasa" suke kiranta. Sunan tsokana ne, kuma ni na laƙaba mata.

Ɗaukar tukwane a Arfa lokacin aikin Hajji ne ya lalata mata baya. Wata nas 'yar Indiya da take yi wa wanki ta nuna mata yoga, wato miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi a natse. Da ta samu sauƙi sai ta ɗaura niyyar zama malama. Ta shiga karatu ta waya wajen wata mata a Jidda. Kullum bayan asuba tana saman bene, ƙafa ɗaya a ɗage kamar zalɓe. Maƙwabta suka ce bautar Indiyawa ce. Ta tambayi malamai, ta zubar da duk abin da ya yi kama da bauta, ta riƙe motsa jikin.

Sai daga baya na gane ba don kanta take wannan naci ba. Innarmu ta daɗe tana salla a kan kujera saboda ciwon gwiwa, abin yana ci mata rai. Takan ce ga ta a Makka, amma goshinta ya manta ƙasa. Duk abin da Yaya ta koyo, a kan gwiwar Inna yake ƙarewa.

"Halas, ya isa, Rabi, ƙyale ni," in ji Inna. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Shwayya-shwayya, Inna. Sannu ba ta hana zuwa."

Inna ta kai ga durƙusawa da dafa bango, sai zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Ba ta tashi ba, ba ta kuma ƙarasa karatun ba.

Yau 'yan mata na saɓa tabarmar roba ta yoga a fili, babu mai zunɗensu. Da tana nan, na san dariya za ta yi, sannan ta tambaya, tsofaffi fa, wa yake koya musu? Ina kewarta ƙwarai, har da mitar da take yi mini kan zaman ƙusumbi.

Ba ta bar ɗalibai ba, sai guda ɗaya mai gardama. Ranar da aka kai gawar Yaya Harami, aka tayar da la'asar kafin jana'iza. Na gyara wa Inna kujera, ta ture hannuna. Ina gefenta ina jin gwiwoyinta suna ƙara, ta sauka a hankali har goshinta ya taɓa ƙasa. Liman ya ɗago, ita ba ta ɗago da wuri ba.

Bayan sallama ta riƙe ni ta miƙe, ta ce, "Yarinyar nan, da ta ƙara haƙuri kaɗan, ai da ta gani."