Allon Kanar

A shekarata ta biyu ta karatu a Kuala Lumpur na kama ɗaki a unguwar Kampung Baru, a gidan wani dattijo Bamale, ɗan asalin ƙasar, da kowa ke kira Pak Cik, wato kawu. Gidan katako ne a kan dogayen ƙafafu, a ƙarƙashinsa kuma yake ajiye wata tsohuwar jif ta soja. A saman wurin ya kafa allon ƙarfe da aka rubuta cewa nan na motar soja ce kawai, wanda ya ajiye tasa tankar yaƙi za ta bi ta kanta. Sati guda ina raɓe-raɓe ina kauce wa wurin, don mu da muka tashi a bariki ba ma wasa da allon soja. Ashe ado ne. Pak Cik malamin makaranta ne da ya yi ritaya, shi ke zana allunan yana raba wa abokansa masu son tsofaffin motocin yaƙi.

Wata Asabar yana wanke jif ɗin na ce masa babana ma soja ne. Ya tambaye ni muƙaminsa. Baba kofur ne, direba, har ya bar aiki manyan hafsoshi yake tuƙawa. Amma ni a lokacin girman kai ya yi min yawa, ban so a ƙasar mutane a ce ɗan direba ne. Bakina ya ce kanar.

Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, amma tawa sai da ta yi. Jif ɗin ta fara tari, ta gagari makanikai. Na kira Baba a Jos na kara wayar kusa da inji. Bai yi minti ɗaya yana saurare ba ya ce a duba kafireta. Haka kuwa aka yi, mota ta tashi. Pak Cik ya yi ta mamaki, wai bai taɓa ganin kanar da ya san inji kamar direba ba. Na yi dariyar yaƙe, ban gyara ba.

Bayan kwana goma ya hau ɗakina da wani abu a naɗe cikin jarida. Allo ne kore, ya zana jif da hannunsa, a ƙasa ya rubuta cewa wurin ajiye motar Kanar ne. Ya ce lallai in kira Baba ta bidiyo, yana so ya ga fuskarsa. Na kawo uzuri iri-iri, ya ce boleh, boleh, wato zai yiwu, kira kawai.

Baba na zaune a ƙofar gida da singileti. Ya matso da ido ya karanta allon a hankali, ya sake karantawa. Na yi fatan ƙasa ta tsage in shige. Sai ya gyara zama, ya yi wa dattijon godiya da Turancinsa na bariki, bai tona ni ba. Pak Cik har da sara masa, ya sauka yana murna.

Da muka rage mu biyu Baba ya ce, "Ka bar allon nan can wurinka, kada ka kawo min gida. Duk shekarun da na yi ina buɗe wa kanar ƙofar mota ban taɓa jin kunyar aikina ba. Ban san kai kana ji ba."