Garin da Goggo ke neman hanyarsa

"Ɗan nan, dakata. Sake karanta min wajen nan."

Goggo Asabe ce, yayar babana, ta tsayar da ni jiya ina karanta mata ɗan littafin tarihin garinmu da kansila ya sa aka buga. Daga Minna na taho mata da shi, don ba wanda ya kai ta sanin garin nan.

Tun shafin farko take tsaki. Wai kakan kansila ne ya kafa garin, alhali kowa ya san sayen doya ya kawo shi, jakinsa ya mutu, ya zauna.

Na sake karanta mata: garin yana da ruwan famfo, da asibiti mai likita, da titin kwalta har garin Paiko.

Ta ajiye gyaɗar da take ɓarewa. "Wannan garin a ina yake?"

"Goggo, nan ne fa. Garinmu."

"A'a. Ka tambayo min kansila motar da ake shiga zuwa can. Kullum ina gangara rafi ɗibar ruwa da wannan gwiwar, ashe ga inda ya kamata in ƙarasa kwanana."

Na yi dariya har da hawaye, sai na tuna a ofisoshin gwamnati na Minna za a raba littafin. Wa zai haƙa wa masu famfo rijiya?

Jama'a, ku nemo littafin garinku ku duba. Wataƙila ku ma kuna da likita ba ku sani ba. Me aka rubuta muku?