Kawu Ilu da Tsamiyar Kakarsa

Duk wanda ya san Kawu Ilu, mushe, wato malamin bokon da ya tsufa yana koyar da kimiyya a Tanut, ya san inda ake samunsa da hantsi bayan ya yi ritaya ya dawo ƙauyenmu na wajen Olalewa. Yana gindin tsohuwar tsamiyar nan ta kwarin gonarsu, ya tuɓe takalmi, ya ce mata "Ina kwana, tsohuwa," ya zuba mata ludayin fura. Mutumin da in ka ce masa ka ga aljani sai ya taɓa goshinka ya ji ko zazzaɓi ne!

Kakarsu 'yar bori ce, ita ta fara kula da itaciyar. Shi ya sa ƙaninsa Alhaji Sale ya ɗauki alwashin sai ya sare ta, wai ana nuna gidansu da baki ana cewa masu tsafi.

Ni kuwa lokacin ina budurwa, littattafan soyayya sun cika mini kai. Na riga na gama tsara labarin: aljana ce a ciki, fara, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, ita ta hana Kawu sake aure. Ran nan na kasa haƙuri.

"Kawu, don Allah kyakkyawa ce?"

"Wa?"

"Ta cikin tsamiyar."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Rakiya, babu kowa a ciki sai tururuwa da ƙadangaru. Na leƙa kogon da tocila, na zura sanda."

"To don me kake gaishe ta?"

"Kakata ta gaishe ta har ta mutu. Ni sai in wuce ta kamar ban san ta ba? Wannan ai rashin tarbiyya ne."

Wallahi ranar har kuka na yi. Ya kashe mini labari.

Kun tuna da damanar da Talle mai nono ta faɗi a gindinta tana karkarwa? Mata suka watse ana salati, wai mutanen tsamiya sun kama ta. Kawu ya ɗora ta a amalanke sai likita. Aka duba jini, zazzaɓin sauro ne. Da ya dawo ko gida bai shiga ba, ya zarce kwari, ya dafa itaciyar.

"Yi haƙuri, tsohuwa. Sauro ya yi ɓarna, ke aka yi wa ƙazafi."

Wannan ce ta ƙure Alhaji Sale. Ya taho da liman da masu gatari, mu kuma muka bi su a baya don kallo. Kawu na zaune yana ɓare gyaɗa.

"Yaya, yau dai sai ta faɗi!"

"To madalla. Amma tsaya, Alhaji. In babu kowa a cikinta, kamar yadda nake faɗa, me ta yi maka? In kuma akwai, kamar yadda kake tsoro..." Ya karɓi gatari ya miƙa masa. "Mu gwada mu gani. Kai za ka fara."

Alhaji ya kalli gatari, ya kalli reshe, ya ce kafaɗarsa na ciwo tun jiya. Masu gatari suka ce su ai rakiya suka yi.

Liman ya danne dariya ya ce, "Mushe, furar nan fa?"

"Tururuwa ke sha, Malam."

"Ba roƙonta kake yi ba?"

"Subhanallahi! Wanda nake roƙo shi ne wanda nake bin ka sallah dominsa. Ita wannan itaciya ce, ba ta ji, ba ta gani. Ni ne nake ji. In na tsaya a nan sai in tuna ba daga sama na faɗo ba, hankalina ya kwanta. Wannan tsayuwar ma na gwada ta, Malam, kullum sakamako ɗaya."

Liman ya zauna ya ɗebi gyaɗa.

Da Kawu ya rasu bara, gonar ta koma hannun Alhaji Sale. Bayan sadakar bakwai na hango shi ya nufi kwari da gatari a kafaɗa. Na bi shi ko mayafi ban gyara ba. Na tarar yana saran ƙaya, yana jawowa, yana kewaye tsamiyar don kada raƙuma su cinye mata rassa. Gumi sharkaf, idanu jawur.

"Me kike kallo? Ba don iskoki nake yi ba!" Ya share fuska da hannun riga. "Mutum ya mutu ma bai daina sa ni aiki ba."

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya haɗa mu da shi a Aljanna. Amin.