Kujera Biyu a Ofishin Gajere

Na Allah ne mu, kuma gare Shi kowa zai koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, aka bugo min waya cewa ka rasu. Jama'a suna ce maka Farfesa. Ni Gajere na sani tun muna aji ɗaya, kuma da shi zan kira ka.

Kai kuma Na-Ɗaya kake ce min, domin shekara biyar ni ke zuwa na ɗaya, kai kana lilo tsakanin na tara da na goma. Littafina kake ara. Amma da guraben ƙaro karatu suka fito, sunanka aka kira. Ka dawo likitan matsalar haihuwa, ka tarar da ni a ɗakin gwaje-gwaje, na duƙa kan madubin awo ina ƙirga ƙwayoyin maniyyin mutane. Shekara ashirin da shida ina aiki a ƙarƙashinka. Ba ka taɓa ɗaga min murya ba, kuma wannan ma ya ƙona min rai.

An faɗi alherinka da yawa a wurin zaman makoki, babu ƙarya ko ɗaya. Na ga ranar da wani direba ya fashe da kuka a baranda, ka bar layi ka zauna kusa da shi har ya nutsu. Na san ƙa'idarka: kujera biyu a gaban teburinka, ba ka buɗe sakamako sai miji da mata suna zaune. Namiji ya ce ai shi lafiyarsa lau, sai ka miƙa masa kwalba ka ce, "Madalla, ranka ya daɗe, je ka kawo mana shaida."

Kai ka kawo mana gwajin da ke duba lalacewar DNA, wato saƙon gadon da ke cikin kan ƙwayar maniyyi. Ka yi mana bayani cewa ƙwaya tana iya yawa, tana iya gudu, alhali saƙon da ta ɗauko a kakkarye yake, sai ciki ya ƙi shiga, ko ya shiga ya zube. Na yi tsaki a bayan aji. Na ce sabon salon burga ne.

A lokacin maiɗakina ta yi ɓari uku. Na riga na auna kaina da kaina, ba sau ɗaya ba, na ga ƙwayoyi fal suna iyo, na yanke hukunci cewa matsalar tata ce. Yayyena mata suka ɗauka daga nan, suna yi mata gori. Da ka matsa min, na ba ka samfurin maniyyina don in kunyata na'urarka. Bayan mako guda ka kira ni, ka rufe ƙofa. Kujera ɗaya babu kowa a kanta.

"Na-Ɗaya, lalacewar ta yi yawa," ka ce. "Ka bar taba, a gyara jijiyoyin marainanka da suka kumbura, mu sake aunawa bayan wata uku. Ka zo da matarka gobe."

Na ce, "Ni za ka koya wa awo? Wa ya koya maka riƙe madubi?"

Ka ce, "Kai ne. Shi ya sa nake roƙonka."

Na roƙe ka da zumunci kada ta ji. Sai ka miƙo min ambulan ɗin sakamakon. Sau ɗaya ke nan na san ka karya ƙa'idarka, kuma saboda ni. Ban bar taba ba, ban yarda an yi aikin ba. Gara in rasa ɗa da in ce Gajere ya fi ni gani. Shekara goma sha tara matata tana shan magunguna da gori, kai kuma duk wata sai ka tare ni a matakala ka ce, "Har yanzu kujerar tana nan."

Da muka dawo daga maƙabarta, na tarar da maiɗakina tana kuka, tana cewa ba a yi mutum irinka ba. Ban sani ba ko tsoron Allah ne ya motsa ni, ko kuwa yabon ne na kasa jurewa. Na ɗauko ambulan ɗin nan na ba ta. Ta karanta, ta sake karantawa.

"Malam, shi ma ya sani?" ta ce. "Ina gaishe shi yana amsawa, ya sani?"

Zan faɗi gaskiya tunda yau ranarta ce: da na ga hawayen da take yi maka sun tsaya, wani sanyi ya ratsa ni. A karon farko an same ka da laifi. Sanyin bai kai minti ba, domin ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan ƙaninta, kuma yau kwana shida.

Don haka nake rubuta wannan, yayyena su karanta, maƙwabta su karanta. Matata ba ta da laifin komai. Shirun da Gajere ya yi mata kuwa, ni na ɗaure masa baki, a rubuta shi a kaina. Ban san ko za ta dawo ba, kuma ba ni da fuskar roƙonta. Abu ɗaya nake nema a wurinta: idan yafiyarta ta mutum ɗaya ce, ta ba Gajere.

Allah Ya jiƙanka, Gajere, Ya haskaka makwancinka, Ya sa ka tarar da alherin da ka shuka a gidajen mutane. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka, da 'ya'yanka huɗu, da ɗalibanka. Allah Ya ba su haƙurin rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.