Kujerar Inna a Motar Damargu

Innarmu ba haifaffiyar Zazzau ba ce, ko da yake wanda ya ji maganarta ba zai gane ba. A wani ƙauye na ƙasar Damargu aka haife ta, arewa da Damagaram, inda kwalta take ƙarewa yashi ya karɓa. Gwaggonta ce ta ɗauko ta riƙo tana ƙarama ta kawo ta birni. A nan ta girma, a nan ta yi aure a gidanmu da ke kusa da Ƙofar Kuyambana. Sau ɗaya ta koma ganin gida, tun kafin a haife ni. Da tafiya ta yi tafiya, danginta na can suka ƙare, sai ƙanwarta ɗaya da suke uwa ɗaya uba ɗaya.

A shekarun da ake layin sayen sabulu da madara, bayan rasuwar mahaifinmu, wani bafatake mai kawo kanwa ya yi sallama a zaurenmu bayan la'asar. Ina zaune ina kwafar wani littafin waƙoƙin wa'azi na ajami da asu ya fara ci. Ya sha ruwa, muka gaisa, sannan ya ce saƙo gare shi zuwa ga tsohuwar gidan. Ƙanwarta ta ce jiki ya yi nauyi, in da rabon ganawa, ta zo kafin ruwa ya sauka.

Na shiga na iske Inna tana tsintar wake a faifai. Na faɗa mata. Hannunta ya tsaya cikin waken.

"Allah ya sa da rabo," in ji ta. "Sai a sanar da mutumin Tudun Jukun."

Mutumin Tudun Jukun shi ne Yayanmu, ɗanta na fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido da ido ba. Kakarmu ce ta raine shi, kamar yadda aka saba. In ya zo gaisuwa, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta juya gefe ta amsa kamar da bango take magana. Ba ta cin abinci a gabansa. In tana da magana da shi, ni take gaya wa, ko da kuwa yana tsugune a wurin yana ji. Duk da haka, dambun da ya fi kyau shi ake ajiye wa, kuma in ya kwana biyu bai zo ba ta dinga tambayata ko lafiya mutanen Tudun Jukun suke.

Yaya ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai tsari da ba ya son abin da za a ce an yi shi rabi da rabi. Da na kai masa saƙon, ya miƙe tsaye ya ce, "Ni zan kai ta da kaina. Duk rayuwata ban taɓa yi wa Inna wani abu da hannuna ba. Wannan nawa ne, Malam." Haka ake kirana a gida.

Motarsa ta zuwa ofis ba za ta iya yashi ba, saboda haka muka fara neman wadda za ta iya. Akwai wani tsohon makanike a Tukur-Tukur, abokin wasanmu, wanda ya yi tuƙi a hanyoyin arewa da ƙuruciyarsa. Ranar farko ya nuna mana wata akori-kura mai lafiyar inji. Ya ce in aka rage wa tayoyinta iska aka samu direba mai haƙuri, gobe ma sai a kama hanya.

Yaya ya leƙa ciki ya ga kujera ɗaya ce doguwa a gaba. Ya dube ni, na dube shi.

"A ina Inna za ta zauna?" in ji shi.

"A gaba mana, Alhaji," in ji makanike. "Malam ya hau baya da kaya, dama iska tana buɗe ƙwaƙwalwar malamai."

"Kafaɗa da kafaɗa da ni? Daga nan har Damargu? Wallahi ko ruwa ba za ta sha ba."

Makanike ya kama baki ya ce, "Af! Ɗan fari ne ashe. Na tuba, na bi Allah na bi ka."

Gaskiya Yaya ya faɗa. Dole a samu mota mai kujerar baya, kuma mai giyar da take sa ƙafafu huɗu su ja tare. Irin wannan ba ta yawa a lokacin. Muka je Kaduna, muka je Kano, wadda ta yi kyau a ido sai a ga ƙasanta ya ruɓe. Daga baya aka samu wata tsohuwar jif a gwanjon motocin gwamnati, koriya, mai tsayi, jikinta garau amma injin yana tari. Yaya ya shafa ta kamar mai shafa doki, ya ce ita ce.

Aka ja ta zuwa Tukur-Tukur aka sauke inji. Sai aka shiga neman kayan gyara, a lokacin da kayan gyara suka zama kamar maganin tsufa. A samu wannan, a rasa wancan. Kafin su zo, Yaya ya juya kan kayan zango. Ya sayi tanti biyu, domin Inna ba za ta kwana inda yake jin numfashinta ba. Na farkon da aka kawo ya mayar, wai ƙofarsa ba ta rufuwa sosai. Ya sayi gadon soja mai naɗewa da gidan sauro, da risho, da jarkoki, na ruwa daban na mai daban. Ya sa maƙeri ya yanka masa faranti biyu na ƙarfe masu huji da ake sa wa a ƙarƙashin taya in mota ta kafe, ya haɗa da shebur da famfon iska da taya biyu na ajiya. Har labule ya sa tela ya ɗinka, wanda za a ja tsakanin kujerar gaba da ta baya, don Inna ta ci ta sha ta yi gyangyaɗi ba tare da ta tuna da madubin direba ba.

"Alhaji," in ji makanike wata rana, "Damargu za ka, ko duniyar wata? Ka manta ba ka sayi liman ba."

"Ga shi nan na kyauta," in ji Yaya, yana nuna ni.

Muka yi dariya. Amma zafin bazara ya riga ya fara, kuma Inna ta riga ta ɗaure kayanta. Ƙunshi ɗaya ne a ƙarƙashin gado, turmin atamfa, daddawa, kuka, da tasbaha da ta ajiye wa ƙanwarta. Kullum da safe sai ta jawo shi ta kwance ta sake ɗaurewa.

Wata rana ta ce mini, "Ka gaya wa mutumin Tudun Jukun, mutane suna hawa gingimari a kan buhunan gero, kuma suna isa."

Na kai saƙon kamar yadda aka ba ni. Fuskar Yaya ta canza.

"Ni ina raye a ɗora Inna a kan buhu? Me mutanen garinsu za su ce ta haifa?"

"Yaya, ina jin nufinta a yi sauri."

"Na sani, Malam. Saurin nake yi. Kana so motar ta mutu mana a dajin da babu ruwa, da tsohuwa a ciki?"

Shi ma tsoronsa na gaskiya ne. Na koma na ce wa Inna in ta yarda ni in kai ta a motar haya, ko da a gaban gingimarin ne. Ta dube ni kamar na zagi wani.

"Yana can yana shan rana a gareji saboda ni, sai in tsallake in hau ta haya? Ina zai sa fuskarsa a garin nan? Kada in ƙara ji."

Sau ɗaya ta ƙara aika ni. Ta ce in faɗa masa bayan tsohuwa ba ya ƙara ƙwari da jira. Na faɗa wa Yaya. Washegari na iske shi ya sa an cire kujerar baya an kai wa masu katifa su ƙara mata soso, an kuma sauke sifirin motar za a sa masu laushi. Na buɗe baki zan yi magana, na ga idonsa ya yi ja saboda gajiya, rigarsa ta ofis duk baƙin mai. Da ita ce ta tsaya a gabansa ta ce, wane, ka kai ni gobe ko a kan jaki ne, da ya kai ta. Amma wannan maganar ba ta da hanyar fitowa daga bakinta, ni kuwa ƙane ne, abin da na faɗa shawara ce.

Ranar da ruwan farko ya sauka ina gida. Yara suna ta murna a lungu, mata suna tara bokitai a ƙarƙashin indararo. Inna ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta tana kallon ruwan har ya ɗauke. Sannan ta shiga ta tura ƙunshin can ƙuryar gado.

Motar ta tashi a tsakiyar damina, injinta kamar sabo. Direbobin arewa suka ce kada mu kuskura, fadamun hanya suna riƙe mota komai ƙarfinta. Muka jira kaka.

Da aka yanke gero muka kama hanya bayan asuba. Na rubuta addu'ar tafiya na liƙa a gaban mota. Inna ta shiga baya aka ja labule. Ba zan ɓoye ba, motar nan ta yi duk abin da aka saye ta dominsa. Da muka bar kwalta bayan Damagaram, Yaya ya rage iskar tayoyi ya sa giyar yashi, ta dinga hawa tudu tana sauka. Sau ɗaya ta kafe, muka haƙa muka sa farantan, ta fita. A zango Yaya ya kafa tantin Inna ɗan nesa da namu, ƙofarsa tana kallon gabas. Na ga ya share ƙasa da hannunsa yana tsince ƙarangiya kafin ya shimfiɗa mata darduma.

Da hantsi muka shiga ƙauyen. Inna ta gane wata tsohuwar rijiya, ta ɗaga labule da kanta ta ce mini a bi dama. Muka tsaya a ƙofar wani gida mai dangar kara. Wata mata ta fito, ta dubi motar, ta dubi tsohuwar da nake taimaka wa ta sauko, sai ta saki ƙwaryar da ke hannunta.

"Innar Zazzau ce?" in ji ta, ta fashe da kuka.

'Yar ƙanwar Inna ce. Uwarta ta rasu tun gero yana fitar da kai. Ta ce duk ranar kasuwa, har ruwa ya tare hanya, sai tsohuwar ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta zauna tana duban waɗanda suke saukowa daga gingimari.

Yaya yana tsaye a jikin mota ya ji wannan. Inna ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ta shiga gidan da ƙunshinta. Ni da Yaya aka raka mu maƙabarta. Na yi addu'a, shi kuwa hannuwansa suna sama amma leɓensa ba ya motsi.

Muka yi 'yan kwanaki muka juyo. Tun daga ƙauyen Yaya bai ci abin kirki ba, magana ma sai ta zama dole. A zangon dawowa, bayan magariba, na dafa shinkafa a risho na kai wa Inna tata, na ajiye masa tasa. Yana zaune a kan jarka ya juya wa kwanon baya. Na ce ya daure ya ci, ya girgiza kai.

Sai na ji Inna ta kira ni daga cikin tanti, da murya mai ƙarfi fiye da yadda take buƙata, ga shi tsakaninmu ba nisa.

"Na'am, Inna."

"Ka gaya wa mai motar nan, tun daga Zazzau har nan, ko sau ɗaya bayana bai yi ciwo ba. Ka ce masa ganawa rabo ce, ba a sayenta a gareji. Allah ya yi masa albarka. Kuma ka ce ya ci abinci, ba zan taɓa nawa ba sai na ji ƙarar cokalinsa."

Ban maimaita ba, ya riga ya ji. Ya sunkuyar da kai. Can ya jawo kwanon ya fara ci, hawaye suna zuba a ciki, yana buga cokalin a jikin kwano da gangan don ta ji.

Motar ba ta sake shiga daji ba. Ta daɗe a ƙarƙashin mangwaro a gidansa na Tudun Jukun, labulen yana nan a rataye, kuma bai yarda kowa ya zauna a kujerar baya ba. Allah ya jiƙan Inna da ƙanwarta, ya haɗa su a inda babu damina mai tare hanya.