Shekarar da Riɗi Ya Fi Ƙarfin Bakinmu

A ƙauyenmu, kusa da Baure, riɗi abin gefen gona ne. Idan maza sun kakkaɓe dami, abin da ya zuba ƙasa namu ne 'yan mata. Mu yi kala, mu sheƙe, kakata ta soya mana kantu. Nata ya fi na kowa, shi ya sa duk Sallah ƙawayena suke tuna cewa suna sona.

Ina aji biyu a sakandare masu sikeli suka fara zuwa daga Daura da manyan motoci, wai a ƙasashen waje ake neman riɗi. Kafin damina biyu, jinka ta koma kwano, babura sun fi kaji yawa, mai shayi har uku. Babana ya kori gero daga rabin gona. Ranar kakkaɓa ya shimfiɗa tamfol mai faɗin filin Idi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa ƙasa ba. Na ga tururuwa ta zo, ta duba, ta koma gida.

Ni kuwa na riga na yi wa ƙawaye bakwai alkawarin kantu.

Na kai ƙara wurin Kaka. Ta ɗauki babbar ƙwaryarta, muka nufi gona. Muna isa ta tara ƙwaryar a ƙarƙashin damin da Baba yake kakkaɓewa.

"Inna, wannan riɗin fa jirgin ruwa zai hau," in ji Baba.

Da yake ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. "Kai wannan, kakkaɓe. Shi jirgin haƙora gare shi?"

Haka ya ci gaba da kakkaɓa, yana kallon ƙwaryar kamar ana zuƙe masa jini.

A hanyar gida muka bi ta gaban mai sikeli. Kaka ta tambayi kuɗin mudu, don jin labari kawai. Da ya faɗa, sai da ta zauna.

"Ƙawata," ta ce da ni, "zaƙi yana ɓata haƙori."

"Kaka, ke naki biyu ne."

"Su nake tattali."

Ta sayar da rabi, ta sayi rediyo. Da sauran ta soya kantu, ƙanana kamar maɓallin riga. Ƙawayena bakwai kowacce ta sami ɗaya. Na ce musu su tauna a hankali, abincin Turawa ne.